Ranar da Muka Tsallaka Toka

Jiya da sassafe na ji ku. Kada wadda ta sunkuyar mini da kai, idona ne ya fara hazo, kunnena lafiyarsa lau. Delu tana tsugune tana kwaɓa yumɓu, gumi na tsiyaya daga wuyanta alhali rana ba ta ko leƙo ba, sai ɗayarku ta ce, "Gwaggo Delu ta fara gasuwa tun ba a sa wuta ba." Kuka kwashe da dariya. Wata kuma ta ƙara gishiri, wai ai ginin tukwane wasan ƙasa ne, shi ya sa aka bar wa tsofaffi. Ban tanka ba don akwai baƙi a wurin, amma raina ya ɓaci, kuma na kwana na tashi bai huce ba. Ku zauna. Ni Tabawa, yau zan gaya muku yadda ake wasan ƙasar.

Randar farko da na gina, Iya Falmata ta sa ƙafa ta take ta. Iya Falmata ita ce uwar wutarmu a wancan zamani, wato mai gasa wa dukan unguwa tukwane. 'Yar gajeruwa ce, Babarbariya ta wajen uwa, ba ta dariya sai da dalili. An kawo ni unguwar magina ina amarya, ina jin kaina kamar yadda kuke ji yanzu. Rani guda cur ba ta bar ni na taɓa gini ba, sai haƙar yumɓu. Shi kuwa yumɓu ba ya samuwa sai ruwan kogi ya janye daga fadama, an yanke shinkafa, ƙasa ta fara tsagewa. Ki ture ta sama, ki yi ta haƙa har ki kai ga baƙar nan mai danƙo, ki cika kwando, ki ɗora a ka, ki taho gida wuyanki na ƙara. Ki shanya, ki daka, sannan ki zauna ki tsince shi da yatsu kamar mai tsintar shinkafar biki. Yumɓun fadamarmu cike yake da ɓawon dodon-koɗi, in kika bar ɗan mitsitsi ɗaya, shi zai tsage miki tukunya a wuta. Bayan nan ki jiƙa, ki zuba ƙaiƙayin shinkafa da garin tsingaro, ki hau da ƙafa ki yi ta takawa har dugaduganki su daina jin naki ne.

Da rani na biyu ta ba ni kayan aiki, kuma su ne dai waɗannan da kuke tsallakewa kamar shara: tsohuwar tukunya da ake kifewa a ɗora yumɓu a bayanta, ɗan katako mai faɗi na bugu, dutse sumul da ake tokarewa da shi daga ciki, guntuwar fata da ake jiƙawa a murza baki, murɗaɗɗiyar kaba ta yin zane, jar ƙasa, da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare don goge jiki. Na gina randata, na goge ta har tana ƙyalli, na kira Iya ta gani. Ta zura hannu ciki, ta shafa gindin, ta ɗaga ƙafa, sai na ji ruƙus.

Na ce, "Iya, me ta yi miki?"

Ta ce, "Gefe guda ya fi gefe kauri. Gara ƙafata ta fasa ta ita kaɗai da wuta ta fasa ta da na mutane."

A ranar na ji haushinta har na ƙi cin tuwo. Sai daga baya na gane. Mu ba ma gashi ɗai-ɗai, don babu macen da za ta iya tara makamashin da zai ishe ta ita kaɗai. Wuta ɗaya muke yi, tukwanen kowa a tsibi guda, taki ta jingina da tawa. In taki ta fashe, ba ita kaɗai take tafiya ba, sai ta ɗauki na maƙwabta. Aikin ganganci a wannan sana'a ba kanki kaɗai kike cuta ba.

Masu saye kuwa, Allah Ya ba ku haƙurin zama da su. A lokacinmu yawanci ba ma ciniki da kuɗin wuri, a cika miki tukunyar da gero ne ki juye ki miƙa ta. Sai mace ta zo da gero rabinsa ƙaiƙayi, ta zuba shi sako-sako, in kin girgiza tukunyar ta ce kin cika son kai. Akwai wata matar falke daga cikin birni da ba zan manta ba. Ta sayi randa a wurina, bayan kwana kaɗan ta sa aka dawo da ita a ka, tana tafe tana faɗa tun daga bakin unguwa, wai na sayar mata da randa mai yoyo, jikinta kullum a jiƙe. Na ce ta kawo ruwan rijiya mu zuba mu jira. Da aka jima na ɗebo mata a ludayi, ta kurɓa, haƙoranta suka amsa. Na ce, "Uwar ɗaki, randar da ba ta gumi ba ta sanyaya ruwa." Ta ɗauki abarta ba ko sallama. Ku riƙe wannan, ku da kuke yi wa gumi dariya.

Yanzu sai maganar wuta, don nan ne aikin yake. Ana fara tara busasshen kashin shanu tun Fulani suna sauka fadama da kaka, a haɗa da kara da ƙirare da ciyawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar gashi a shimfiɗa makamashi, a jera manyan randuna a tsakiya, tuluna a kewaye, kasake da tanda a cike tsakani, a lulluɓe da manyan tsingaro, a rufe da ciyawa. Sai uwar wuta ta ɗebi toka ta zagaye tsibin da ita. Wannan zanen toka, al'adar da muka tarar ita ce babu mai tsallaka shi sai macen da jini ya ɗauke mata. Ita ce za ta sa wuta, ita ce za ta riƙe doguwar sandar marke tana toshe inda wuta ta yi gaggawa, tana buɗe inda ta yi nawa. Ko jini ne yake fasa tukwane, ko rashin haƙurin ƙuruciya ne, Allah ne masani. Ni dai na fi zargin na biyun, amma ban taɓa gwada karya al'adar da gumin mutane ba.

To kun ga inda matsalar take. Filin gashi yana bakin hanyar da masunta suke bi zuwa kogi, kuma ranar gashi rabin gari yana wurin. Duk macen da ta ɗaga ƙafa ta tsallaka toka, ta yi wa gari shela ke nan cewa ta gama haihuwa. Mu kuwa a wancan lokaci mun gwammace a ce mun yi sata da a ce mun tsufa.

Kande ƙawata ce, tare aka kawo mu unguwar, ɗakinta yana bayan nawa. Ita ce mai miƙa wa Iya Falmata ciyawa daga wajen toka shekara da shekaru, har ta san wuta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ta launin hayaƙi take gane inda ya nuna da inda bai nuna ba. Amma Kande wabi take yi, duk abin da ta haifa ba ya kai yaye. Ƙauyensu can wajen Auyo yaƙi ya tashe shi, ba ta da kowa sai mu. Mijinta Sule, mai kamun kifi da gora da koma, ba shi da ƙarfin riƙe mata biyu, kuma ya faɗa mata da bakinsa, ba sau ɗaya ba: yana zaune da ita ne don sa rai, ranar da ya tabbata ta daina, ta nemi inda za ta.

Wata rana da azahar na koma ramin yumɓu ɗauko kwandona, sai na tarar da Kande a ƙasan ramin tana salla. Da safiyar ranar kuwa a gabana ta ce wa mata tana fashin salla, har na ga tsummokaranta a shanye a bayan ɗaki. Na tsaya har ta sallame. Ta ɗago ta gan ni, sai ta kama ƙafata.

Ta ce, "Tabawa, ki rufa mini asiri. Damina uku ke nan ban ga jini ba. Tsumman nan ruwa kawai nake jiƙa su da shi in shanya don Sule ya gani."

Na ce, "Ke Kande, sallar ma sai a rami?"

Ta ce, "To ina zan yi ta?"

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma har gobe in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Mace ta yi wa namiji shekara ashirin da wani abu tana daka, tana banda masa kifi, ta binne 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, sannan a wayi gari sai ta ɓuya kamar ɓarauniya kafin ta gai da Ubangijinta. Na yi mata alkawarin yin shiru. Ban kuma gaya mata cewa ni ma nawa ya ɗauke ba. Ni ba wanda zai kore ni, ina da 'ya'ya maza, kawai dai ba na so 'yan mata su fara ce mini Iya.

Shekarar da abin ya faru, mun yi gini kamar ba gobe, don bara ruwa ya yi yawa ya rushe wa mutane ɗakuna da randunansu, kowa yana nema. Kowane gida a unguwar ɗanyun tukwane ne jere har bakin ƙofa. Muna shirin babban gashi na ƙarshen bazara sai amai da gudawa ya shigo gari. Ya fi kama tsofaffi. Cikin 'yan kwanaki ya ɗauke Iya Falmata, ya ɗauke sauran tsofaffi biyun da suke shiga toka tare da ita. Muka aika ƙauyukan kusa neman uwar wuta, aka ce su ma kuka suke. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas kowace yamma. Ɗanyar tukunya kuwa ƙasa ce kawai, ruwa ɗaya ya isa ya mai da ita taɓo. Kuma a cikin tukwanen nan abincin daminarmu yake, don babu gidan magina da yake da gonar kirki.

Wasu matasan mata irinku suka ce ai wuta wuta ce, wa bai iya hura wuta ba? Suka haɗa 'yan kasakensu a bayan gida suka cinna. Muna zaune muka ji kamar ana fasa goriba, tas, tas, tas. Ko kasko ɗaya bai fita ba.

Sai muka jera babban tsibi, don babu yadda za mu yi. Aka zagaya toka, aka kafa sandar Iya Falmata a ciki. La'asar ta yi, iska ta kwanta, lokacin sa wuta ke nan. Mutane sun cika fili. Sule yana gindin wata giginya da 'yan'uwansa masunta suna ɗinkin koma. Kowa ya san Kande ce kaɗai ta iya wuta, kowa kuma yana tsammanin ba ta isa shiga ba. Ita tana tsaye da ƙunshin ciyawa a hannu, idonta a ƙasa. Muka yi cirko-cirko, sanda tana kallonmu, gabas tana ƙara baƙi. Wani dattijo har ya ce ko a ba maza su gwada. Maza! Waɗanda ba su san gindin tulu daga bakinsa ba sai in za su sha ruwa.

Wannan maganar ce ta tunzura ni. Na ce a raina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗaure zanena tam, na ɗaga ƙafa na tsallaka toka, na juyo na fuskanci jama'a.

Na ce, "Ni Tabawa, nawa ya ɗauke tun bara waccan. Wanda bai ji ba ya ji. Mai son ce mini Iya ya fara yau."

Sai na ji motsi a gefena, ashe Asabe ce mai tanda, wadda kullum take shafa tozali har kunne tana ce mana ita yarinya ce. Ta shigo tana cewa, "Matsa mini, ke kaɗai kika iya tsufa?" Wata ta biyo ta, wata ma ta biyo. Kafin a jima mun cika bakin tsibin, muna kallon juna, kowa tana mamakin 'yar'uwarta. Ashe duk mun daɗe muna ɓoye wa juna abu ɗaya, muna zaune tabarma guda muna fifita da gefen mayafi, kowa tana cewa zafin gari ne.

Amma shiga toka daban, sanin wuta daban. Na karɓi bakin wuta na cinna ta kusurwoyi yadda na saba ganin Iya tana yi. Da fari abin ya tafi daidai. Can sai iskar hadari ta taso, wutar gefen gabas ta miƙe tsaye tana huci, ta bar yamma ko hayaƙi babu. Na san in ta ci gaba haka randunan gabas za su fashe, su rushe tsibin gaba ɗaya. Na riƙe sanda ina dube-dube, ban san inda zan sa ta ba. Na waiga wajen Kande. Ta toshe bakinta da hannu, tana kallon wutar, tana kallon gindin giginya. Wallahi ban kira ta ba. Na yi alkawari, kuma na gwammace tukwanen su tafi da in karya shi.

Sai muka ji tas na farko daga cikin tsibin.

Kande ta yi ihu, "Ke Tabawa, za ki kashe mu! Toshe gabas!" Ban ankara ba sai na ji an fizge sandar daga hannuna. Tana ciki. Ta tsallako da ƙunshin ciyawarta, ta tsoma shi a ruwa, ta danna wa bakin gabas, ta zaga yamma ta soka sanda ta buɗe wa wuta hanya. Tana ba da umarni kamar Iya Falmata ta dawo: ke kawo tsingaro, ke jiƙa ciyawa, Asabe bar tsayuwa kamar turmi. Muka yi ta gudu a cikin hayaƙi, gumi da hawaye sun haɗu, har wutar ta daidaita ta kwanta tana ci a hankali ta ko'ina. A tsakiyar wannan na hango Sule ya naɗe komarsa, ya saɓa a kafaɗa, ya yi gida bai waiwayo ba. Ita ma ta gan shi. Ba ta saki sandar ba.

Da aka kira magariba, Kande ta jingine sanda, ta yi alwala da ruwan jiƙa ciyawa, ta shimfiɗa mayafinta a nan bakin wuta, a fili, gaban kowa, ta ta da salla. Muka jeru kusa da ita. Bayan mun sallame Asabe ta rangaɗa guɗa, muka amsa, mutanen da suka binne 'yan'uwansu a makon suka yi ta kallonmu kamar mun haukace. Ba mu haukace ba. Nauyi ne ya sauka.

Washegari muka buɗe tsibi. Tulu biyu ne suka tafi da wata randa tawa, sauran duk suka fito ja wur, in kin ƙwanƙwasa sai su amsa miki kamar ƙarfe. Kwana biyu tsakani ruwan farko ya sauka. Unguwar magina ta ci tuwo a wannan daminar.

Kada ku zaci labarin ya ƙare da daɗi. Sule bai bari mako ya zagayo ba ya sallame ta. Ta fito da tabarma da ƙwarya ɗaya. A ranar matan da suka tsallaka toka suka taru a gidana, masu yumɓu suka kawo yumɓu, masu kara suka kawo kara, muka ta da mata ɗaki a gefen nawa, muka yaɓe shi da hannunmu na gini. A nan ta zauna, ita ce uwar wutarmu har Allah Ya karɓi abarsa, kuma a hannunta na koyi riƙe sandar nan. Da amaryar Sule ta zo sayen randa, Kande da kanta ta zaɓa mata wadda ta fi kowace, ta ce yarinya ba ta yi mata komai ba. Kande mai yafiya ce. Ni kuwa har mutumin nan ya mutu ban sayar masa da ko kaskon turare ba, kuma ban yi nadama ba.

Tun daga ranar muka sa doka: babu macen da za ta tsallaka toka karon farko ita kaɗai. Waɗanda suka riga ta za su kama hannunta, a yi mata lalle, a yi mata guɗa kamar ranar da aka kai ta ɗaki, don ranar ce take zama cikakkiyar maginiya. Ku da kuke ganin tsufa abin dariya ne, ku roƙi Allah Ya kai ku. Da yawa waɗanda muka fara haƙar yumɓu tare ba su kai ba.

Jibi za a yi gashi. Idona ba ya rarrabe hayaƙi kamar da, sandar nan tana neman mai ita. Delu da kuka yi wa dariya ta zo ta same ni da ƙafarta, ta ce jibi za ta tsallaka, kuma ita ta ce in gaya muku. Na tambaye ta ko maigidanta ya sani. Ta ce, "Iya, zai sani jibi." Shi ma ɗin na san irin maganganun da yake yi, ba a nesa yake da Sule ba.

Ɗakin Kande yana nan, tun rasuwarta muke zuba tsingaro a ciki. Ku tashi ku kwashe su, ku share shi, ku yaɓe inda ya tsage, ku duba jinkar ko tana yoyo. In mijin Delu ya yi hankali, mu mayar da tsingaronmu. In bai yi ba, ta tarar da wurin kwana a shirye. Kuma ku yi aikin da kyau, ba irin na jiya ba, don ban san wace ce a cikinku za ta kwana a ɗakin nan wata rana ba.